Ƙwayoyin ludo masu hotuna: zango guda da na yi da su a aji biyar

"Malama, ni ban san me zan rubuta ba." Duk wanda ya taɓa ba 'yan aji biyar aikin rubuta labari ya san wannan kukan. Shi ya sa na nemi Rory's Story Cubes, kuma yau zango guda ke nan ina aiki da su a darasin insha'i.

Ƙwayoyi tara ne irin na ludo, cikin ɗan akwatin da zai shige aljihu. Maimakon ɗigon lamba, kowace fuska zane take ɗauke da shi: kunkuru, makulli, gada, walƙiya, sawun ƙafa, tocila, jirgin sama, kudan zuma. Fuska shida sau tara, hotuna 54 ke nan, kuma hanyoyin da za su iya faɗuwa sun haura miliyan 10. Rory O'Connor, mutumin Ailan, shi ya ƙirƙiro su. Tun da hotuna ne zalla, ba ruwansu da harshen da yaro zai yi rubutu da shi. Ƙa'idar wasan ita ce a watsa su, a ƙulla labarin da ya taɓo duka taran.

Haka na yi ranar farko, kuma nan na yi kuskure. Wasa daban, darasin rubutu daban. Bakin yara ya buɗe, babu shakka, har wanda ba ya ɗaga hannu sai da ya ɗaga. Amma da na kwashi littattafan na zauna dubawa, ga irin abin da na tarar: "Wata rana kunkuru ya ga makulli, sai ya hau gada, sai walƙiya ta zo, sai ya ga jirgi, sai ya tafi gida." Na ƙirga "sai" goma sha ɗaya a shafin wata yarinya. Hotuna tara sun fito cif, amma babu wanda yake son wani abu, babu abin da ya hana shi, balle mai karatu ya ƙagu ya ji ƙarshe.

Mako na biyu na ɓoye shida a jaka, na bar uku. Na rubuta tambayoyi uku a allo: wane ne, me yake so, me ya tare masa hanya. Kowace ƙwaya ta amsa ɗaya. A nan ne abin ya fara biyan kuɗinsa. Wani yaro da ke zama a layin baya ya sami tunkiya, gada da walƙiya. Ya daɗe yana cizon bayan biro, sannan ya rubuta cewa ɗan tunkiyar yana can ƙetaren gada, hadari ya haɗu, ita kuwa tun ranar da tsawa ta faɗa wa bishiyar da take fakewa ba ta ƙara yarda ta fita idan sama ta yi baƙi. Na tsaya a kansa na ce, "To, ta haye ko ba ta haye ba?" Ya ce, "Malama, ban kai wurin ba tukuna." Yaron da bai taɓa wuce layi huɗu ba ya cika shafi, ya juya.

Daga baya nakan riƙe ƙwaya ta huɗu a hannu, sai sun kai tsakiyar labari in jefa ta, in ce dole wannan ta ƙara dagula al'amari. Da ita na koya musu cewa matsalar da aka warware a layi na uku ba ta kai labari ko'ina. Suna son wannan jifar fiye da komai, har sukan tuna mini idan na manta.

Akwai aikin da ba na ƙwayoyin ba ne, kuma ban ɗora musu ba. Raba sakin layi, sa alamar zance a bakin masu magana, sauya "ta ji tsoro" zuwa ƙafafun da ke rawa a kan katakon gada, duk wannan alli da jan biro ne. Ƙarshen labari ma haka. Rabin ajin sun so su tsere da "sai na farka, ashe mafarki ne", sai da na haramta wannan jimlar gaba ɗaya.

Akwati ɗaya ya ishe ni, domin ni nake jefawa in zana abin da ya fito a allo. Mai son raba yara rukuni-rukuni zai buƙaci fiye da haka, kuma ya shimfiɗa ƙyalle a kan tebur, in ba haka ba ƙarar za ta kai ajin maƙwabta. A riƙa ƙirga su kafin a tashi. Sau biyu ina durƙusawa ƙarƙashin benci ina laluben ta tara.

Akwai wani samfurin mai suna Actions, wanda zanensa aikatau ne, mutum na yin wani abu. Shi nake son ƙarawa zango mai zuwa, saboda har yanzu jaruman yarana "ya tafi" da "ya ga" kawai suka iya.