Kunun gero a wata rumfa da ke Kovilpatti

A kan hanyarmu daga Madurai zuwa Tirunelveli, a kudancin jihar Tamil Nadu ta Indiya, direbanmu ya tsaya a wata 'yar rumfar abinci da ke gefen garin Kovilpatti, ya ce idan ina son ɗanɗana abin da manoman yankin suke karya kumallo da shi, to ga wuri. Mai rumfar, wata dattijuwa, ta buɗe tukunyar ƙasa da ta lulluɓe da jiƙaƙƙen ƙyalle, ta ɗebo curin gero dafaffe wanda ya kwana cikin ruwa har ya yi tsami, ta dama shi da tsala da ɗan gishiri, sannan ta miƙo mini a kofin ƙarfe tare da ƙananan albasa da ɗanyen barkono. Suna kiransa kambu koozh, kambu kuwa shi ne gero.

Da kurɓar farko fura da nono ta faɗo mini a rai, sai dai wannan na gishiri ne, ba sukari a ciki, kuma sanyinsa na tukunya ne zalla. Kofi biyu suka riƙe ni har la'asar.

Ƙasar nan baƙa ce, ana ce mata karisal, nomanta kuma na damina ne: auduga da gero da dawa. A cikinta aka haifi marubuci Ki. Rajanarayanan, ɗan ƙauyen Idaiseval, wanda ya rubuta rayuwar waɗannan manoma da irin Tamilancin da suke magana da shi a gona, har ya tattara ƙamus na kalmominsu, ya sami lambar yabo ta Sahitya Akademi, cibiyar adabi ta ƙasar Indiya, a 1991, ya rasu a 2021. Wanda ya karanta labaran fari da bashin auduga na wannan yanki zai fi fahimtar su idan ya sha wannan kunu, domin abinci ne da aka yi don mutumin da zai wuni cikin rana da fartanya.

Rumfar tana da tsafta, farashin kuma bai kai a yi ciniki ba. Aibinta kawai shi ne benci ɗaya ne, ƙurar manyan motoci kuma tana isowa har inda ake zaune. Kafin mu tashi na sayi alawar gyaɗa da mazarƙwaila wadda garin ya yi suna a kanta, kadalai mittai, ƙulli uku, don tsaraba.