Kwan ɗumama na tangaran a jinyar baji: yana aiki, amma rabin kaya ne

Idan kana kiwon baji, ƙaramin akun nan mai doguwar wutsiya ɗan asalin Ostireliya, shawarata ita ce ka mallaki kwan ɗumama na tangaran tun tsuntsunka yana lafiya lau. Sai dai ka sani rabin kaya za a miƙo maka a cikin kwalin. Sauran rabin, wato na'urar daidaita zafi da ma'aunin zafi da ragar kariya da mazaunin da zai iya ɗaukarsa, kai za ka nemo su da kanka. In babu su, kwan nan ya fi kusa da cutar da tsuntsu fiye da taimakonsa. Hukuncina ke nan bayan na yi jinyar nawa da shi.

Wanda na saya mai ƙarfin wat 50 ne, baƙi wuluk, mai faffaɗan kai, murɗa shi ake yi a mazauni yadda ake murɗa kwan lantarki. Masu kiwon ƙadangaru da macizai aka yi wa shi, hoton da ke jikin kwalin ma na ƙadangare ne, ko kalma ɗaya ba a rubuta a kan tsuntsu ba. Ba ya ba da haske ko kaɗan, zafi zalla yake fitarwa, kuma dalilin da ya sa na fifita shi a kan jan kwan da ake kunna wa 'yan tsaki ke nan. Baji yana buƙatar duhun awa 10 zuwa 12 kafin ya samu barci mai kyau, mara lafiya kuwa ya fi mai lafiya buƙata. To ina amfanin ɗumin da zai hana shi runtsawa?

Wani zai ce me tsuntsu mai gashi zai yi da ɗumi. Zafin jikin baji ya haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyas, alhali nauyinsa gaba ɗaya bai wuce giram 30 zuwa 40 ba, in ka cire manyan da ake kiwo don gasar nuni. Jiki ƙarami haka saurin rasa zafi gare shi, kuma da abincin da ya ci yake mayar da abin da ya rasa. Da zarar ciwo ya hana shi ci, ɗan ƙarfin da ya rage masa sai ya ƙare wajen riƙe ɗumin jiki, ba abin da zai saura don yaƙi da cutar. Kumbura gashin da ake ganin yana yi, dabara ce ta tare iska mai ɗumi kusa da fata. Aikin kwan dai shi ne ya ɗauke masa wannan wahala.

Nawa namiji ne, shuɗi, sarkin surutu. Alamar farko ita ce shirun da ya yi. Daga nan ya fara barcin rana a takure, ƙafafu biyu a kan sanda, alhali mai lafiya yakan naɗe ƙafa ɗaya cikin gashi in zai yi barci. Gashin kansa kuma ya daskare saboda aman da yake watsawa in ya girgiza kai. Wurin wata likitar dabbobi na fara zuwa. Ta duba kashinsa a na'urar hangen ƙwayoyin cuta, ta ga wata ƙwayar cuta dangin yis mai kama cikin tsuntsaye, sunanta Macrorhabdus ornithogaster, wadda ta addabi baji ƙwarai: tsuntsu ya yi ta ramewa, ya yi ta amai, wani lokaci a ga ƙwayar hatsi ta fito a kashi ba ta narke ba. Ta rubuta maganin amphotericin B da za a riƙa ɗiga masa a baki na tsawon makonni, sannan ta ce a riƙe masa ɗumi tsakanin digiri 27 da 30. A nan kwan ya shigo.

Kafin in sa tsuntsun, sai da na gwada shi a kan keji babu kowa a ciki, kuma ina roƙon duk wanda ya saya ya yi haka. Abu na farko da na gani shi ne wari. Sabon kwan yana fitar da wani ƙauri-ƙauri a kunnin farko, don haka na bar shi ya ƙone a wani ɗaki daban, taga a buɗe, har warin ya tafi. Ba tsirfa ba ce. Numfashin tsuntsu ba irin namu ba ne, bayan huhu yana da jakunkunan iska da suka ratsa jikinsa, abin da ya sa hayaƙin da mutum ba zai ma lura da shi ba yake iya kashe shi cikin ɗan lokaci. Saboda wannan ne ma ake gudun wasu kwayayen zafi da aka shafe su da sinadarin PTFE don kada su tarwatse in sun fashe. In sinadarin ya ɗau zafi sosai, tururinsa guba ne ga tsuntsaye. Na tangaran zalla ba shi da wannan shafe, amma ka karanta kwali da kyau kafin ka biya, har da na murfin da za ka ɗora masa.

Abu na biyu ya fi ba ni haushi. Jikin kwan yana yin zafin da ya wuce digiri 200, kuma tunda ba ya haske, ido ba zai gaya maka a kunne yake ko a kashe ba. Ko ɗan jan ɗigo da zai nuna alama ba su sa masa ba. Mazaunin roba irin na fitilar ɗaki ba zai jure ba, narkewa zai yi, dole sai na tangaran. 'Yar takardar da ke cikin kwalin ta ambaci haka da rubutu ƙanana a can ƙasa, inda ba kowa zai duba ba. Raga kuwa wajibi ce, ba don tsuntsun kaɗai ba, har da hannunka da tawul ɗin da za ka rufa wa kejin.

Na uku, shi kwan bai san ya isa ba. Da asuba ma'aunin ya nuna min 27 a wurin sanda, daidai yadda ake so. Da rana ta take, ɗakin ya ɗau ɗumi, sai ga shi ya haura 34, nisan kwan da kejin bai canza ba. Da tsuntsun na ciki, da an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Baji ba ya gumi. In zafi ya yi masa yawa za ka ga ya ɗage fukafukai daga jiki, ya lafe gashi, ya buɗe baki yana haki. Na'urar daidaita zafi ce ta raba wannan gardama. Iri biyu na gani: mai kunnawa da kashewa, da mai rage ƙarfin wuta a hankali. Ta biyun na ɗauka, kuma ta riƙe min 29 dare da rana, da ƙyar take gocewa da digiri ɗaya. Kan wayar da ke jin zafin na ɗaure shi daidai tsayin sanda amma ta wajen kejin, domin baji ba ya ganin waya ya ƙyale.

Yadda na shirya wurin ba wani abin a zo a gani ba ne. Ƙaramin keji, sanda ɗaya a ƙasa-ƙasa don ko ya faɗo kada ya ji ciwo, farar takarda a shimfiɗe don in riƙa ganin kashi, abinci da ruwa inda zai miƙa wuya ya same su. Na rufe gefe uku da tawul, na kafa kwan a waje ta ɓangare ɗaya, tazarar kamar taƙi guda. Wannan na gefe ɗaya yana da muhimmanci: dole a bar masa inda zai gudu in ɗumin ya ishe shi. Shi ya fi ma'auni sanin abin da jikinsa ke so.

Abin da ya biyo baya shi ne ya sa nake yaba kayan duk da ƙorafina. Ina sa shi, ya bi sandar a hankali, taku ɗaya ya tsaya, taku ɗaya ya tsaya, har ya kai ƙarshen da ke fuskantar kwan, ya juya masa baya ya lumshe ido. Kafin awa ta cika gashin bayansa ya fara kwanciya, siffarsa ta tsuntsu ta dawo. Can sai na ji ƙas-ƙas, ya sauko kan zangarniyar geron da na rataya masa yana ɓarewa. Wanda bai taɓa zaman jiran tsuntsu ya ci abinci ba, ba zai gane daɗin wannan ƙarar ba.

To amma a nan ne kuma tarkon yake, kuma shi na fi so mai karatu ya riƙe. Ɗumi yana gyara kamannin tsuntsu tun kafin ya gyara lafiyarsa. Gashi ya kwanta, ido ya buɗe, har ɗan kuka ya fara yi, sai zuciya ta ce ai ya warware. Ga shi dama baji gwanin ɓoye ciwo ne, domin a daji wanda ya nuna rauni shi ake fara kamawa. Likitar ta riga ta ja min kunne tun ranar farko: "Malama, sikeli za ki riƙa tambaya, ba idonki ba." Na samo ƙaramin sikeli mai auna giram ɗaya-ɗaya, kullum da safe kafin ya ci komai in sa shi a ɗan kwali mai huji in auna. Da lafiyarsa giram 36 yake. Lokacin da muka je asibiti 31 ne. A kwanakin da yake ta tsalle a gaban kwan kamar ba shi ba, sikelin bai motsa daga 31 da 32 ba, kuma in na shafa ƙirjinsa ƙashin tsakiya yana nan a fili, tsini guda, ba tsoka a gefensa. Raguwar kashi 10 cikin 100 na nauyi a tsuntsu irin wannan ba abin wasa ba ne, shi kuwa ya wuce nan. Da kwan na bi, da na tsayar da magani tun ba a je ko'ina ba.

Kwanon abinci ma yana yaudara. Baji ɓare ƙwaya yake yi ya bar ɓawon a inda ya same ta, sai ka ga kwano a cike alhali ƙaiƙayi ne a sama. Mai wannan cuta kuma yakan zauna a bakin kwano yana ta ɓarewa yana tauna ba ya haɗiyewa. Na koma hura kwanon ina duba abin da ya saura, ina kuma ƙirga kashin da ke kan takarda, tunda abin da ya shiga shi ke fita.

A nan ne wani aibin kwan ya bayyana: yana busar da iska. Kashin tsuntsu kashi uku ne, da mai duhun, da farin, da ruwan fitsari, kuma yanayin kowanne yana ba da labari. A ƙarƙashin zafin nan kafin ka waiwayo ya bushe ƙamas, ba za ka iya cewa gudawa ce ko lafiyayye ba. Sai na riƙa canza takarda akai-akai ina dubawa tun da ɗanyensa. Ruwan sha yana saurin yin ɗumi, abinci mai laushi yana saurin lalacewa, duka biyun na mayar da su ɓangaren da ba kwan. Na kuma ajiye faffaɗan kwano da ruwa a wajen kejin don iskar ta ɗan yi laima. Ya taimaka, ba sosai ba.

Akwai inda ba zan kunna shi ba sam. Idan ɗakin dama ya kai digiri 29 ko 30, ba abin da zai ƙara sai wahala. Tsuntsun da ya bugu da kai, misali ya yi karo da gilashin taga, likitoci sukan ce duhu da shiru yake so, ba ƙarin zafi ba. Wanda kuma yake numfashi wutsiya na sama da ƙasa, ko ya kwanta a ƙasan keji ya kasa hawa sanda, ko ya yini bai ci komai ba, to ɗumin na kan hanyar zuwa wurin likita ne kawai, ba na zaman jira a gida ba. Haka nan in wuta ta ɗauke, 'yan mintuna kwan yake yi ya huce, don haka ina ajiye gorar ruwan zafi da zan naɗe a tawul in jingina a jikin kejin.

Da nauyinsa ya fara hawa, ya kai 34 ya zarce, ban kashe kwan kai tsaye ba. Na riƙa rage na'urar da digiri ɗaya ina barinsa ya saba, sannan na koma kunnawa da dare kawai, har ya daina zuwa wannan ƙarshen sandar don kansa. Duk tsawon makonnin nan kwan bai tsage ba, bai rage ƙarfi ba, kuma bai taɓa yin ƙarar da za ta firgita shi ba.

Ga mai shirin saye, kada girman lamba ya ruɗe ka. Masu wat 100 da 150 na manyan akwatunan ƙadangaru ne, sun yi wa kejin jinya yawa. Mai 50 ya ishe ni har da saura, a ɗakin da ba shi da sanyi sosai ma mai 25 zai wadatar.