Agadir ko Algarve, ina ya fi dacewa da mata da miji masu ajiye aiki da wuri?

To in dai ku biyu ne kun ajiye aiki kafin shekarun fansho kuna son zama bakin teku, gaskiya Algarve da ke kudancin Fotugal akwai tsari. Bizar zama mai suna D7 Fotugal ke bayarwa, amma sai kun nuna kuɗin da ke shigo muku duk wata ba na albashi ba, kamar haya ko ribar hannun jari, a 2025 mafi ƙarancin albashinsu yuro 870 ne, shi ne ma'aunin, abokin zama kuma a ƙara rabin haka. Kuna samun takardar zama kun shiga tsarin asibitin gwamnati, wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda shekaru suka fara ja. Matsalar haya ce, Yuli da Agusta 'yan yawon buɗe ido na cika gari farashi ya yi sama, sassaucin harajin da ake yi wa baƙi masu zama a ƙasar, wanda ake kira NHR, ma an rufe shi ga sababbin zuwa tun 2024.

Agadir kuwa a Maroko, garin da aka sake ginawa bayan girgizar ƙasar 1960, rayuwa ta fi sauƙi sosai, kifi da kayan miya araha a kasuwar Souk El Had, ga kiran sallah ga naman halal ba sai an yi cigiya ba. Amma fa sai da Faransanci ko Larabcinsu na Darija, kuma asibiti mai kyau na kuɗi ne, dole ku yanki inshora.

Ni dai in ɗayanku na fama da hawan jini ko ciwon suga, Algarve zan ce ko da aljihu zai ji jiki.