Kafin ka sayi ƙaramin allon kwamfuta a Yamai, fara duba mai rabon wutarsa

Duk wanda ya zo wurina yana neman ƙaramin allon kwamfuta, irin wanda ake ɗora wa Linux don kula da famfon garka ko ajiye lissafin shago, tambayarsa ba ta wuce RAM nawa, gudu nawa. Ni kuwa abin da nake fara leƙawa shi ne ɗan baƙin guntun nan na kusa da mashigar wuta, wanda ake kira PMIC. Mai rabon wuta nake ce masa. Shi ke karɓar bolt 5 ya rarraba, wannan layi 3.3, wancan 1.5, ƙwaƙwalwar allon kuma a ƙara mata ko a rage gwargwadon aikin da ke gabanta. A garin da zafin Afrilu ke wuce 40, wuta kuma na iya ɗaukewa ana tsakiyar aiki, wannan guntu ba abin wasa ba ne.

Amma guntun kaɗai bai isa ba, sai kanel na Linux, wato zuciyar manhajar da ke sarrafa kayan allon, ya san yadda zai yi magana da shi. Tun 2008, da fitowar 2.6.27, aka ware wa wannan aiki ɗakinsa mai suna drivers/regulator, wanda Liam Girdwood ya kafa, Mark Brown kuma ke kula da shi. Direban da ke drivers/mfd, wato kod ɗin da kanel ke magana da guntun ta hanyarsa, shi ke riƙe da guntun gaba ɗaya, na regulator ya san kowane layi da matakan da yake iya bayarwa, sannan bishiyar na'ura ta kowane allo, wato fayil ɗin da ke bayyana wa kanel kayan da ke kan allon, ita ke gindaya iyaka. In kod ɗin allo ya bi wannan tsari, kowa na iya karantawa ya gyara.

Shi ya sa zaɓina A20-OLinuXino-LIME2 ne, na kamfanin Olimex da ke Plovdiv a Bulgeriya. Mai rabon wutarsa AXP209 ne, kuma direbansa na cikin kanel na asali, wanda masu Linux da kansu ke fitarwa, a fayil axp20x-regulator.c. Layin DCDC2 da ke ciyar da ƙwaƙwalwar yana iya bayar da daga bolt 0.7 har 2.275, amma bishiyar allon ta ɗaure shi tsakanin 1.0 da 1.4, don haka ko wani shiri ya nemi fiye, kanel ba zai yarda ba. Abin da ya fi ɗauke mini hankali shi ne mazaunin batir. Ka soka batirin litiyom, AXP209 ya riƙa caza shi. Wuta ta ɗauke, ya koma kan batirin ba tare da allon ya ko girgiza ba. Linux kuma na ganin ragowar cajin, sai ka sa ya rufe kansa cikin mutunci kafin batir ya ƙare. Yana da RAM giga 1 da mashigar SATA ta haɗa faifan ajiya, zanen allon ma a buɗe yake ga kowa. Gaskiya ba shi da gudu, ƙwaƙwalwarsa A20 tsohon hannu ce, amma mai ƙirga ruwan famfo ba tsere yake ba.

Allon BeagleBone Black, wanda mai rabon wutarsa TPS65217 ne, shi ma kod ɗinsa tsaf yake, sai dai RAM mega 512 ne kuma batir sai ka yi masa walda. Raspberry Pi kowa ya san shi, amma ba kanel ke riƙe da linzamin wutarsa ba, kuma ba ya caza batirin da zai riƙe shi. Allunan Rockchip masu amfani da mai rabon wuta RK808 suna da ƙarfi, cin wutarsu ne bai dace da ɗan faifan sola ba.

Yanzu ga inda na sha wuya. Na taɓa sayen wani allo marar suna don garkar ƙanen mahaifina a bakin kogin Isa. Mai kayan ya ce mini, “Malam, wannan sabon shigowa ne, ya ninka wancan a komai.” Arha ta ruɗe ni. Da na kai gida na sa gilashin ƙara girma, sai na ga an goge rubutun da ke bayan mai rabon wutar, saura ɗan shatin yashi kawai. Kanel ɗin da ya zo da shi 3.4 ne, babu kod ɗinsa a ko'ina, kuma an kafe ƙwaƙwalwar a kan bolt ɗaya dare da rana. Da azahar ba ka iya ɗora yatsa a kai. Sau uku katin ajiyarsa ya lalace bayan ɗaukewar wuta, lissafin ban ruwa na wata guda ya tafi. Baffa bai ce mini komai ba, shirun nasa ne ya fi yi mini ciwo.

Saboda haka, ɗan'uwa, guntun da aka goge wa suna kada ka saya, ko kyauta aka ba ka. Kada ka yarda da abin da aka buga a kwali, don akwatunan talabijin na jabu sun saba nuna RAM da ba su da shi. Nemi sunan allon a cikin bishiyoyin kanel na asali tun kafin ka ciro jikarka. In mai kaya ya yarda a kunna, buɗe /sys/kernel/debug/regulator/regulator_summary, za ka ga kowane layi da bolt ɗinsa da mai shansa. In ka tarar da shi fayau, ko mai kayan ya fara hanzarta ka, ajiye masa kayansa.

Batir ma akwai jabu birjik, wanda lambar jikinsa ta fi abin da ke cikinsa. Kuma ƙananan filogin batir ɗin nan ba duka ake jera musu ja da baƙi iri ɗaya ba. Auna da mita kafin ka soka, don waya ɗaya a juye ta isa ta ƙone AXP209 nan take.