Guntun tanel da na ɗora wa Summit ɗina, da abin da ya yi mini a hanyar Boulder

Sau huɗu na tsaya a hanyar hawa Boulder Mountain, wani dutse kusa da garin Revelstoke a Kanada, a fitata ta farko da wannan tanel, ina kwasar dusar ƙanƙara da hannu biyu ina labta wa bayan babur ɗin ƙanƙarata, kamar uwa mai sa wa ɗa jiƙaƙƙen tsumma don zazzaɓi ya sauka. Mutane suna wucewa suna ɗaga mini hannu, wasu su rage gudu su tambaya ko lafiya. In ce musu lafiya lau, ina murmushin yaƙe. Da kuɗina na sayo wa kaina wannan abin kunya, shi ya sa na ce sai na rubuta, ko don 'yan'uwanmu na Kalgari da Edmonton da suka fara shiga harkar babur ɗin ƙanƙara, waɗanda kullum suke tambayata ko abin ya yi.

Nawa Ski-Doo Summit ne mai injin 850, ƙirar 2018, na hannu na saya. Bel ɗinsa, wato faffaɗar robar da ke juyawa a ƙarƙashi a madadin taya, tsawonsa inci 165, haƙoran bel ɗin inci 3. Ga wanda bai taɓa leƙa ƙarƙashinsa ba, tanel shi ne dogon kwamin alminiyam ɗin nan da ke kife a kan bel. Tankin mai da kujera a kansa suke zaune, matakan ƙafa a gefensa suke, shokozoban baya kuma a cikinsa aka ɗaure su. Ƙashin bayan babur ke nan. Na asalin ni na kashe shi da hannuna: ƙarshen hunturun bara na sauko daga wani tudu na dira kan kututturen icce da dusar ta binne, gefen hagu ya lotsa, bel ya fara cin jikinsa. Wannan ba laifin kowa ba ne.

Na daɗe ina juya maganar wanda zan saya. Irin na asalin yana nan wurin dila, amma zuciyata ta riga ta tafi wani wuri. Tun da Ski-Doo suka fito da Summit Expert mai guntun tanel a ƙirar 2020, Polaris kuma suka zo da Matryx Slash a ta 2022, kowa a saman dutse guntu yake so, don doguwar wutsiya a cikin dusa mai zurfi ja take yi, ta tara kaya, in ka kafe kuma ita ce ke zama a kan dusar ta bar bel yana juyawa a rami. Na kalli na zaren kabon, na ɗaga shi da hannu ɗaya a shagon wani, na ji daɗin rashin nauyinsa, na ji kuɗinsa na ajiye. Kuma ni da kututture mun saba. Alminiyam in ya lotsa mai gyaran bodi zai buga shi ya miƙe, kabon kuwa tsagewa yake yi. Sai na tsaya kan na alminiyam mai baƙin fenti, guntu, na wani ƙaramin kamfani da kuka sha ganin tallansa. Ba zan kama suna ba.

An ce mako uku, ya iso a na shida. Kwali babba, kaya tsaf, walda mai kyau, amma ko fallen takarda ɗaya na bayani babu. Asabar da Lahadi uku na yi a gareji. Sauke tanki, zuƙe ruwan lagireto, fitar da shokozoban baya, buɗe akwatin sarƙa, zare shaf, sannan bel ya fito. Bayan nan ne aikin ya fara: hude ribit ɗin kamfani ɗaya bayan ɗaya, kuma masu tauri ne, bakin diril uku suka cinye mini. Wanda zai yi wannan aiki ya nemi 'yan maƙalan nan na wucin gadi da ake kira Cleco, irin na masu ƙera jirgin sama, ya kama komai da su, ya auna daga kusurwa zuwa kusurwa kafin ya buga ribit ko ɗaya. Su suka cece ni, don a nan na gano ramin da ke riƙe shokozoban baya a gefen dama ya kauce da kamar milimita 3. Na aika musu hoto da awo. Bayan kwana tara aka amsa mini da layi ɗaya, wai in faɗaɗa ramin da magagari. Ramin da nauyina da na babur yake sauka a kansa! Na ƙi. Na kai wa wani mai walda ya yanko mini farantin ƙarfafawa, muka huda sabon rami a daidai wurinsa.

To duk wannan na haɗiye shi. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne safiyar Asabar ɗin da na fara fita da shi.

Mun bar Kalgari bayan sallar Juma'a ni da wani yayanmu, Bazazzage, wanda shi ya fara koya mini wannan hawa. Kusan kilomita 400 ne zuwa Revelstoke, ta Banff da Golden, a tsallake Rogers Pass. Duk hanya ina cika masa baki. Washegari muka sauke babura a gindin dutse, sanyi mai cizo, kuma ƙasan an kwana biyu ba a samu sabuwar dusa ba. Hanyar da ake sharewa zuwa sama ta daskare ta zama kamar daɓen siminti. Matsalar a nan take. Waɗannan babura na dutse ba su da fanka mai hura lagireto kamar mota. Lagireton a shimfiɗe yake a rufin tanel daga ciki, bel ne ke ɗibar dusa yana watsa masa, ita ke sanyaya ruwan. In ƙasa ta daskare, bel ba shi da abin ɗiba, sai abin da ƙarafan kartar ƙanƙara guda biyu suka tsirto. Guntun tanel kuwa guntun lagireto ne, kuma labulen robar da suka sa a bayansa bai fi tafin hannu biyu ba, don haka ɗan abin da ƙarafan suka karto, maimakon ya dawo ciki, baya yake ficewa.

Ƙarafan a sauke suke tun daga wurin ajiye motoci. Ban yi minti goma ba na ga lambar zafi tana hawa a mita. Na ce ko iska ce ta rage a cikin ruwan, duk da sau biyu na fitar da ita a gareji. Kafin in gama wannan tunani babur ya fara ƙara, fitilar gargaɗi ta kama. Na tsaya, na kashe, na shiga gefen hanya na fasa ɓawon ƙanƙara da takalmi don in kai ga mai laushi, na kwaso na labta a kan tanel. Tana sauka tana narkewa, tururi na tashi. Yayan namu, da tsohon babur ɗinsa mai doguwar wutsiya da labule har kusan ƙasa, ya juyo ya dawo, ya ɗaga gilashin hularsa ya dube ni ya dubi tururin.

"Malam, wannan ne ka hana mu barci a kansa?"

"Yaya, bari kawai," na ce.

Muka tashi, aka yi 'yan kilomitoci, ƙara ta sake. Na koma bin bakin hanya ina tsoma bel a duk inda na ga ɗan laushi, kamar mai kauce wa ramuka a hanyar ƙauye. Safar hannuna ta jiƙe sharkaf, ta daskare, yatsuna suka daina ji, sai da na canza zuwa ta biyun da na ajiye don yamma. A tsayawa ta uku har na fara lissafin kuɗin sabon inji in wannan ya yi nokin, da yadda zan yi wa uwargida bayani. A ta huɗu wani dattijo Bature ya tsaya, ya leƙa ƙarƙashin, ya nuna labulen da yatsa ya girgiza kai, bai ce komai ba ya wuce. Shirun nan nasa ya fi mini ciwo kan zolayar Yaya. Tafiyar da ba ta kai mana awa ɗaya a da, sai da muka kusa ninka ta, kuma a lokacin da za a dawo mini da tsohon tanel ɗina a lotse, wallahi da na karɓa.

Sai muka kai sama, muka bar hanya muka faɗa cikin itatuwa, inda dusar take nan kamar garin da aka tankaɗe, wani wuri har ƙirji.

Jama'a, wani babur ne daban. Zafi ya sauka ya zauna wuri ɗaya bai ƙara motsi ba. Ina murɗa totur gaba ya tashi ba gardama, baya ya nutse ya tura, babu wannan jan da nake ji a da kamar wani ya riƙe mini riga. Na kwantar da shi a gefen gangare da ƙafa ɗaya a mataki, ya tsaya a layinsa har na gaji don kaina. Matakan ƙafar manyan ramuka gare su, dusa ba ta taruwa, takalmi yana samun ƙarfe kowane lokaci, kuma fentin nan ba ya barin ƙanƙara ta manne. Sau ɗaya na kafe duk yinin, shi ma Yaya ya ja ɗaya daga cikin takalman sulɓin gaban babur na ba shi wuta ya fito, ba a ko ciro shebur ba. A da, irin wannan kafewar sai mu yi rabin awa muna haƙa. Na ba shi ya ɗana, ya tafi ya daɗe, da ya dawo bai yi zolaya ba, tambayata ya yi ko suna yin na irin nasa. A ɗakin shan ɗumi na saman dutsen har na sami kaina ina yabon kamfanin ga baƙi, ni da nake tsine musu da safe.

Da yamma muka gangaro, sai abin ya dawo mini sabo. Ƙara sau biyu kafin mu kai mota. Bayana kuma jiƙe, don duk abin da bel ya watso sama a kan jakata da wuyana yake sauka, tunda babu wutsiyar da za ta tare. Jarkar man da nake ɗaurawa a baya ba ta da wuri yanzu, ko ita ko jakar kaya, ɗaya za ka zaɓa. Waɗannan zan iya jurewa. Abin da ban yafe ba shi ne babu inda suka rubuta, ko a shafinsu ko a kwali, cewa tanel ɗin nan zai dafa maka inji a busasshiyar hanya. Da na kira su, wanda ya ɗauka cewa ya yi ai kowa ya san haka. To ni ban sani ba, kuma da ya faɗa mini tun ranar da yake karɓar lambar katina, da na haɗa da dogon labule a oda ɗaya.

Kuma tunda na tuna: lambar shasi a jikin tanel take, a buge a gefen dama. Sabon ya zo fes, ba lamba. Saura ƙiris in kai tsohon wurin masu sayen ƙarfe, Allah Ya sa Yaya ya hana ni. Sau biyu na je ofishin rajista da rasit da hotuna a kan wannan magana, abin da shi ma layi ɗaya a takarda ya isa ya gargaɗe ni a kai.

Yanzu na ƙara ƙarafan karta biyu, na sa dogon labule mai fil wanda nake cirewa in jefa a jaka in mun kai sama. Fita uku na yi tun daga nan, sau ɗaya kawai ya yi ƙara, shi ma ranar da hanya ta zama gilashi. Tsohon tanel ɗin yana nan jingine a bangon gareji da lambarsa, uwargida kullum tana tambaya yaushe zai bar mata wuri.