Kafin Ka Biya Kuɗin Manhajar Karatun Likitanci

Ɗalibin likitanci ba rashin abin karantawa ke damunsa ba, mantuwa ce. Ka haddace rassan jijiyoyin hannu yau, bayan mako biyu malami ya tsare ka da tambaya a gefen gadon marar lafiya, sai ka ji kanka wayam. Shi ya sa duk manhajar da aka tallata mini, abu ɗaya nake dubawa: za ta tilasta mini tuno karatu, ko zaunar da ni za ta yi ina kallo?

A wannan ma'aunin Anki ce a gaba, kuma ita nake so. Damien Elmes ne ya fito da ita a 2006. Katuna ne kawai, tambaya a fuska, amsa a baya, amma gwanintarta tana wajen sanin ranar da za ta dawo maka da kati. Tun 1885 Bajamushen nan Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa ta fi gudu a sa'o'i da kwanakin farko bayan koyo, daga baya ta lafa. Anki takan kawo katin daf da lokacin da zai kuɓuce maka. In ka ci, ta ƙara tazara daga kwanaki zuwa makonni har watanni. In ka faɗi, ta dawo da shi kusa. Abin da ya fi burge ni shi ne rufe sassan hoto: ka ɗauko zanen zuciya, ka lulluɓe sunayen ɗakunanta huɗu da manyan jijiyoyinta, kowane suna ya zama tambaya mai zaman kanta. Kyauta ce a kwamfuta, haka AnkiDroid a wayoyin Android, masu iPhone ne kaɗai ke sayen AnkiMobile. Ko ba intanet tana aiki. Sai dai ba ta yafe fashi, mako guda ka yi sake katuna sun taru jibgi. Kuma kada ka sa abin da ba ka fahimta ba a kati, hadda ba fahimta ba ta warkar da kowa.

Rumbunan tambayoyi irin UWorld da AMBOSS su ne na biyu a wurina. Za a ba ka labarin marar lafiya da shekarunsa da sakamakon gwajinsa, ka zaɓi amsa, sannan a bayyana maka dalilin da ya sa kowace daga sauran ba daidai ba ce. Sun cancanci kuɗinsu in jarrabawa ta matso, amma ka duba tukun, yawancin tambayoyin UWorld na likitanci an gina su ne kan jarrabawar USMLE, wato ta samun lasisin aikin likita a Amurka. Bidiyoyin Osmosis da Lecturio kuwa suna da daɗin kallo, daɗin ne ma ke sa ka zaci ka iya. Complete Anatomy, manhajar nuna sassan jikin ɗan Adam, tana juya maka ƙashi ta kowace fuska, amma ba ta kai taɓa gawa a ɗakin fiɗa ba.

Yanzu ga inda ake cutar ɗalibai. Akwai manhajoji da suka ari sunan Anki alhali ba su da alaƙa da ita, sai ka zuba katunanka sannan su fara neman kuɗin wata-wata. Ka sauke ta asalin daga shafinta na apps.ankiweb.net. Sai masu sayar da asusun haɗaka da araha a zaurukan hira. Wani ya taɓa sayar mini da irinsa, ana saura 'yan kwanaki jarrabawa aka rufe asusun, duk tarihin tambayoyin da na faɗi ya tafi, mai sayarwar kuma ya ɓace ɓat. Tun daga nan ba na taɓa manhajar da ba zan iya kwashe bayanaina daga cikinta ba. Tsofaffin katuna da bidiyoyin sata da ake yaɗawa sun fi wannan haɗari, domin ƙa'idojin magani suna canzawa, kai kuma kana ta bitar abin da aka riga aka daina. Haka manhajojin hira masu ƙirƙirarriyar basira, sukan faɗi adadin magani da cikakken ƙarfin gwiwa alhali kuskure ne. Duk adadin da za ka sa a kati, ka gwada shi da littafin magunguna na bana, ka rubuta shekarar a ƙasan katin.