Doguwar bindiga mai cin 9mm: ni dai yadda take tofar da kwanso nake dubawa kafin in biya

Assalamu alaikum 'yan'uwa mazauna Amurka. Tun da muka fara haɗuwa a filin koyon harbi nan Houston ranar Asabar, duk wanda ya gwada bindigata sai ya ce Malam ni wacce zan saya, toh bari in faɗa sau ɗaya kowa ya ji. Maganar tamu ce ta nan, mai takardar ɗan ƙasa ko girin kad wanda dokar jiharsa ta yarje masa, na gida Najeriya tasu dokar daban ce.

Irin wadda nake nufi ita ce doguwar bindiga mai cin harsashin fistol, 9mm. Ba ta dukan kafaɗa sosai, harsashinta ya fi na 5.56, wato harsashin raifil, araha, kuma filayen harbi na cikin gini da yawa suna barin ka shiga da ita. Amma wallahi ni duk wannan ba shi na fara dubawa ba yanzu, saboda abin da ya same ni da ta farko.

A kasuwar baje kolin bindigogi na saye ta, irin AR ɗin nan, wato mai tsarin raifil AR-15, mai cin 9mm da wani ya harhaɗa da hannunsa, kai daga nan gindi daga can. Kyau kam kamar ka sace ta ka gudu. Ranar farko ban gama magazin ɗaya ba ta tsaya, na duba sai ga kwanso, wato ɓawon harsashin da aka harba, ya maƙale a ƙofar fita bakinsa na kallon waje, bolti, ƙarfen da ke tura harsashi cikin bututu, ya matse shi, sabon harsashi kuma yana ƙarƙashi ya karkace. Na cire na ci gaba, bayan harbi goma ta sake. Na canza ƙugiyar da ke kama gindin kwanso, na canza sifirin, na canza harsashi, kuɗi na ta tafiya wata da watanni, sai da na kai wa wani dattijo maƙerin bindiga, ya cire magazin ya tabbatar babu komai a ciki, ya raba ta biyu, ya sa ɗan yatsa ya taɓa wani ɗan siririn ƙarfe da ke tsaye bayan ramin magazin, sai ga shi yana rawa kamar haƙorin yaro. Ijekta kenan, mai cilla kwanso waje. Sukurunsa ya kwance kuma tun farko ba a zaunar da shi daidai ba. Raina ya ɓaci sosai ranar.

Abin da na koya a wajensa shi ne yawancin irin waɗannan bindigogin ba su da makulli a bolti, nauyin boltin da sifirin ne kawai ke riƙe shi, ƙarfin harbin shi ke turo kwanso baya. Kaga kenan aikin ƙugiya shi ne ta riƙe kwanson har ya daki ijekta. Idan kwanso ya zauna can cikin bututu bai fito ba, duba dattin hayaƙi a mazaunin harsashi ko ƙugiya ta gutsure. In kuma ya fito amma ya maƙale a ƙofa, toh ijekta ne, ko harsashi marar ƙarfi, ko magazin. Mutane da yawa ƙugiya suke zargi kamar yadda na yi, alhali sau da yawa ba ruwanta.

Shi ya sa nake tare da Ruger PC Carbine, kuma ba na ɓoyewa. Ƙarshen 2017 ta fito, bututunta ya ɗan haura inci 16 wanda shi ne mafi ƙarancin tsawon da dokar tarayya ta sa wa doguwar bindiga, nauyinta wajen kilo 3. Kamfani ɗaya ne ya auna bolti da sifirin da ijekta su tafi tare, ba kai za ka zauna kana lissafin nauyi ba. A cikin boltin akwai dunƙulen ƙarfen tungsten da ke ɗan motsi, yana rage tsallen bolti idan ya rufe da kuma dukan da kake ji. Tana zuwa da ramin magazin guda biyu, ɗaya na Ruger ɗaya na Glock, in kana da fistol Glock 17 ko 19 magazin ɗaya zai yi maka duka, kuma na Glock babu shagon da ba za ka samu ba. Abin da ya fi burge ni, ana ɓalle bututun daga jiki cikin daƙiƙa kaɗan ba tare da sifana ba, sai ka ɗaga shi saitin fitila ka ga mazaunin harsashi da idonka, ka sa buroshi ka goge. Irin wannan tsarin yana tara baƙin hayaƙi sosai, bindigar da wankinta ke da sauƙi ita za ka riƙa wankewa. Hannun jan bolti ma ana mayar da shi hagu ko dama. Tana da nauyi, gaskiya ne, ni kuma ban damu ba, nauyin ne ke sa ta zauna lafiya a kafaɗa.

Sauran kuwa, CZ Scorpion tana da suna amma magazin ɗinta irin nata ne daban. Kel-Tec Sub-2000 tana naɗewa biyu, sai dai rashin nauyi na sa kuncinka ya ji a jikinsa. Hi-Point araha, magazin mai cin 10. SIG MPX laushi kamar me, kuɗinta kuma ya sayi Ruger biyu har da canji. AR haɗin hannu kuwa kar ma ka tambaye ni.

Yanzu ga inda nake so ku buɗe kunne. Akwai shafukan damfara birjik a intanet, hoto mai kyau farashi rabin na shago, su ce ka biya ta Zelle ko kirifto ko katin kyauta, wai za su kawo maka har gida. Ƙarya ne. Bindigar da ka saya a intanet daga wata jiha wajen dila mai lasisin tarayya ake aika ta, ka je da kanka ka cika fom 4473 a binciki sunanka kafin a miƙa maka. Duk wanda ya ce zai tsallake maka wannan, ko kuɗinka yake so ko ɗauri yake jawo maka. Haka wanda zai ce ɗan'uwa cika fom da sunanka ka saya min, babban laifi ne a dokar tarayya, ko ɗan uwa ɗaya uba ɗaya ne ka ce a'a.

Sai magazin na jabu. Ana buga masu tambari kamar na asali, leɓensu na buɗewa bayan kwana biyu, harsashi ya zauna sama fiye da ƙima ya riƙa karo da kwanson da ke fita, kai kuma ka ɗora wa bindiga laifi. Saya a shagon da aka sani ko da ya fi tsada. Harsashin leda kuma da ake sayarwa a kan tebur, wanda wani ya sake ɗurawa a garejinsa, don Allah ku rabu da shi, ba ka san yawan albarushin da ya zuba ba, kuma bindigar da nauyin bolti kawai ke riƙewa ba wajen gwaji ba ce. Mai kwanson alminiyom ma sai ka duba littafin bindigarka tukuna.

In ta hannu za ka saya ka ce a je fili, kwali biyu na harsashin kamfani mai kwanson tagulla, mai nauyin giren 115 da mai 124 (giren ma'aunin nauyin kan harsashi ne), da magazin na asali. Ka sa wani ya tsaya bayanka ta dama ya kalli inda kwanso ke sauka. In suna tashi da ƙarfi suna taruwa wuri ɗaya madalla, in wani na zubewa kan takalminka wani na dukan goshinka, mayar masa da kayansa.